Yadda zaka gane garin da ya fi zaman lafiya a jihar da zaka koma a Amurka

Duk wanda ya samu aiki ko gurbin karatu a Amurka, ko yana can yana shirin canza jiha, da zarar ya san inda zai nufa abu na farko da yake yi shi ne ya shiga Google ya nemi garuruwan da suka fi tsaro a jihar, sai kaga jerin gwano sun fito, goma mafi aminci a Teksas, ashirin mafi haɗari a Kalifoniya, kowane shafi da nasa jerin kuma da wuya ka samu biyu da suka zo ɗaya. Toh ni dai shawarata kar ka sa hannu a takardar haya saboda wannan jerin. Ka duba shi babu laifi, zai baka sunayen garuruwan da zaka fara da su, amma aikin tantancewa kai zaka yi shi da kanka, kuma ba wani aiki bane mai wuya, waya ce da kalkuleta da ɗan haƙuri.

Da farko ka san inda masu jerin nan suke ɗebo alƙalumansu. Kusan dukkansu daga hukumar FBI ne, wato hukumar binciken laifuka ta tarayyar Amurka, wadda tun 1930 take tattara rahoton laifuka daga ofisoshin 'yan sanda na ƙasar. Matsalar ita ce Amurka bata da rundunar 'yan sanda guda ɗaya tilo, garuruwa da yawa da nasu 'yan sandan, kusan kowace gunduma da ofishin sherif ɗinta, wato shugaban jami'an tsaron gunduma, jiha da nata, har jami'o'i ma da nasu, in ka haɗa su kaf sun kai wajen hukumomi 18,000, kuma gwamnatin tarayya bata tilasta musu su aika wa FBI rahoto ba, ganin dama ne. A farkon 2021 FBI ta daina karɓar rahoto da tsohon tsari ta koma sabo mai suna NIBRS, sai ya zama hukumomi kusan kashi 40 cikin 100 basu aika alƙaluman wannan shekarar ba, ciki har da 'yan sandan New York da na Los Angeles, wato birane biyu mafi girma a ƙasar. Saboda haka in kaga jerin da aka gina akan alƙaluman 2021 ka rufe shi kawai ka nemi wani. Kuma ka kula, garin da bai aika rahoto ba wasu shafukan cire shi suke yi gaba ɗaya ba tare da sun faɗa maka ba, sai ka ɗauka baya cikin goma na farko ne saboda ya lalace, alhali ba'a ma sa shi a lissafin ba. Ita kanta FBI ɗin duk shekara sai ta ja kunnen jama'a cewa kar a yi amfani da alƙalumanta wajen jera garuruwa daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, amma ina, masu shafuka basu ji ba, dan wasunsu na'urorin tsaron gida suke tallatawa, tsoronka shi ne kasuwarsu.

Gara kaje tushe. FBI tana da shafi kyauta mai suna Crime Data Explorer, zaka zaɓi jiha sannan ka zaɓi ofishin 'yan sandan garin da kake so ya fito maka da alƙaluman shekaru a jere. Jihohi ma suna fitar da nasu, a Teksas hukumar tsaron jama'a ta jihar ce ke fitarwa duk shekara, a Kalifoniya ma'aikatar shari'a ta jihar tana da shafin OpenJustice, kuma sau da yawa na jihar ya fi na tarayya cika.

In ka samu lambobin, kar ka kalli yawan laifin tsurarsa, raba shi zaka yi da yawan mutanen garin sannan ka ninka da 100,000, wannan shi ne ma'aunin da kowa yake amfani da shi. Bari in baka misalin da zai zauna maka. A 2020 an kashe mutum sama da 750 a Shikago, a St. Louis ta jihar Missouri kuma 263. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai Shikago ta fi muni nesa ba kusa ba, amma Shikago mutum miliyan 2.7 ne a cikinta, St. Louis kuwa kimanin 300,000, in ka buga lissafin Shikago zata baka wajen 28 cikin kowane mutum 100,000, St. Louis kuma wajen 87, ka ga kenan sau uku. Na ƙasar baki ɗaya a wannan shekarar bai kai 7 ba. Ka riƙe lamba biyu a kanka koyaushe, ta ƙasa da ta jihar, dan da su zaka auna garin, tunda jihohin ma kansu ba ɗaya suke ba, garin da ake yi wa kallon tsaka-tsaki a New Mexico ko Louisiana ko Tennessee in ka ɗauke shi ka kai Maine ko New Hampshire zai iya zama cikin waɗanda suka fi muni a can.

Sannan ka rarrabe laifukan, wannan shi ne inda mutane da yawa suke ruɗewa. FBI ta kasa su gida biyu. Akwai laifukan da suka shafi jiki da rai, su ne kisan kai da fyaɗe da fashi da mummunan hari irin wanda ake jikkata mutum ko a yi da makami. Akwai kuma na dukiya, fasa gida, sata, satar mota, da cinna wuta da gangan. Na dukiya sun ninka na jiki sau da yawa, kuma mafi yawansu sata ce ta yau da kullum, an ɗauke kaya a kanti, an fasa gilashin mota an ɗauki jaka, an sace keke. In shafi ya haɗa su duka ya baka lamba guda ɗaya wai jimillar laifuka, toh wanda aka sace wa keke da wanda aka harba maki ɗaya suka ci kenan, sai kaga gari mai manyan kantuna ya fito da jan fenti alhali ba'a taɓa ran kowa ba a cikinsa shekara da shekaru. Ni a ganina ka fara da kisa da fashi da mummunan hari, su ka ba wa nauyi, bayan nan sai fasa gida da satar mota, satar kanti kuwa ka barta can ƙarshe, ba gidanka za'a zo yinta ba.

Akwai tarko guda uku a cikin lissafin nan na raba laifi da yawan jama'a, kuma dole in ɗan tsaya a kansu dan su ne suke sa jerin nan yin ƙarya ba tare da an rubuta ƙarya ba.

Na farko ƙananan garuruwa. Ka ɗauka gari ne mai mutum 5,000, shekara biyar ba'a kashe kowa ba, kullum yana saman jerin masu aminci. Sai rigimar cikin gida ta ɓarke a wani gida guda aka kashe mutum ɗaya, a take lissafinsa ya zama 20 cikin 100,000, wato ya ninka na ƙasa kusan sau uku, shekara mai zuwa kuma ya koma sifili. Garin bai canza ba, lambar ce take tsalle. Shi yasa in gari bai kai mutum 20,000 ko 30,000 ba, haɗa shekara biyar zaka yi ka fitar da matsakaici, shekara ɗaya bata faɗa maka komai.

Na biyu, mutanen da suke kwana a gari daban, waɗanda suke wuni a cikinsa daban. Lissafin da masu kwana ake yinsa. Garin Vernon da ke gefen Los Angeles mutum 222 kacal aka ƙirga a cikinsa a ƙidayar 2020, amma cike yake da masana'antu da rumbunan ajiya, dubun-dubatar ma'aikata ne suke shiga kullum, duk motar da aka fasa wa ma'aikaci akan mutum ɗari biyun nan za'a raba ta, sai lambar ta fito kamar filin yaƙi. Haka Myrtle Beach a South Carolina, mazaunanta basu wuce 35,000 da 'yan kai ba a 2020 amma miliyoyin masu yawon buɗe ido ne suke zuwa bakin tekun duk shekara. Duk garin da yake da babbar kasuwar zamani ko filin jirgi ko gidajen caca ko filin wasa, ka sa a ranka lambarsa ta kumbura. Akasin haka kuma garuruwan gefen birni da mutane suke kwana kawai su fita aiki da safe, su kullum lambarsu tana yin kyau.

Na uku shi ne iyakar gari, kuma wannan ya fi sauran ɓoyuwa. St. Louis ɗin da na ambata ta ware daga gundumarta tun 1876, iyakarta bata ƙara faɗi ba, sai ya zama tsohon cikin birni ne kawai ake kira St. Louis a lissafi, alhali yankin gaba ɗaya da unguwannin da suke kewaye mutum kimanin miliyan 2.8 ne. Jacksonville ta Florida kuwa a 1968 ta haɗe da gundumar Duval, ta haɗiye unguwannin gefe da filaye masu yawa, duk suna cikin lissafinta suna sauke mata lamba. In ka jera biyun nan a tebur ɗaya baka yi adalci ba, cikin birni kake gwadawa da birni haɗe da kewayensa.

Wannan maganar iyaka tana da wani reshe da zai shafe ka kai tsaye ranar da kake duba tallan gida. Sunan garin da ke jikin adireshi ba lallai ne shi ne garin da gidan yake ba, gidan waya ne yake raba sunayen nan dan sauƙin kai wasiƙa. Katy da ke yamma da Houston misali ce mai kyau, ainihin garin Katy mutum wajen 22,000 ne a 2020, yana da 'yan sandansa, amma unguwanni birjik da suke ɗauke da adireshin Katy ba'a cikin garin suke ba, suna ƙarƙashin gundumar Harris ne ko Fort Bend, in ka kira 911, lambar kiran gaggawa, jami'an gunduma ne zasu zo. Kaga in ka karanta alƙaluman 'yan sandan Katy ka kama gida a waje da iyakar, ka karanta labarin wani wurin ne daban. Dan haka ka tambayi mai gidan ko ofishin gidajen hayar kai tsaye, wace hukuma ce take zuwa nan in an kira, sai ka nemi alƙaluman wannan hukumar.

Daga nan sai ka kalli inda abin ya dosa, sama yake yi ko ƙasa. A 2020 kisan kai ya tashi da kusan kashi 30 cikin 100 a faɗin Amurka, tashin da ba'a taɓa ganin irinsa ba a shekara guda tunda aka fara ajiye lissafi, ya shafi manyan birane da ƙanana har da karkara. Daga baya ya dawo yana sauka da ƙarfi, a 2023 ya ragu da fiye da kashi 10, a 2024 ma ya sake raguwa da wajen kashi 15. Philadelphia ta ga kisa 562 a 2021, zuwa 2024 bai kai 300 ba. Baltimore ta yi shekara takwas a jere daga 2015 tana haura 300, sai a 2023 ta sauko ƙasa da haka, a 2024 kuma ta tsaya wajen 200. Detroit a 2023 ta samu adadi mafi ƙanƙanta tun shekarun 1960. Abin da nake nufi shi ne sunan da gari ya yi yana daɗewa fiye da halin da yake ciki, wanda ya bar Amurka shekara goma da suka wuce in ya baka labarin gari, labarin wancan lokacin yake baka. Ka jera shekara biyar na baya-bayan nan ka gani da idonka. Kuma in kana gwada tsofaffin shekaru da sababbi ka tuna a tsohon tsari in abu ya faru da laifi biyu ko uku a ciki mafi girman kawai ake ƙirgawa, sabon tsarin kuwa duk yana ƙirga su, sannan a 2013 an faɗaɗa ma'anar fyaɗe a lissafin FBI, saboda haka wani tashin da zaka gani na takarda ne kawai.

Yanzu ga wata magana da masu jeri basa son faɗa. Alƙaluman 'yan sanda abin da aka kai musu ƙara ne kawai. Ma'aikatar shari'a ta Amurka tana da wani bincike da take yi tun 1973, ana bin gidaje ana tambayar mutane ko wani abu ya same su, ko sun kai ƙara ko basu kai ba, kuma abin da yake fitowa kusan kullum shi ne laifukan da suka shafi jiki ko rabi ba'a kai wa 'yan sanda, na dukiya kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku ne ake kaiwa. Inda mutane suka yarda da 'yan sanda ko sandar kamun kifi aka ɗauke a gareji sai sun kira, inda suka yanke ƙauna kuwa ko an fasa gida sai dai su gyara ƙofa su yi shiru, sai kaga wurin da ya fi lalacewa ya fito da lamba mai kyau. Wani lokacin ma ofishin ne da kansa yake rage nauyin laifi a rubuce, jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo a 2015 cewa 'yan sandan birnin sun rubuta munanan hare-hare kimanin 14,000 a matsayin ƙananan laifuka cikin shekara takwas. Toh wace lamba zaka yarda da ita kenan? Guda biyu ne masu wuyar ɓoyewa, kisan kai dan gawa bata ɓuya, da satar mota dan kamfanin inshora bazai biya ba sai da takardar 'yan sanda, shi yasa kusan kowa yake kai ƙara. In kaga gari kisa da satar mota sun yi sama amma sauran laifuka wai sun yi ƙasa sosai, ka sa alamar tambaya.

Tunda an zo maganar mota, in zaka sayi Kia ko Hyundai ta hannu ƙirar tsakanin 2011 da 2021 mai makulli na murɗawa, ka bincika ko an yi mata gyaran da kamfanin ya fitar, dan da yawansu an ƙera su babu na'urar da take hana mota tashi in ba da makullinta ba, yara suka gano hakan suka yaɗa a TikTok, abin ya fara ƙamari a Milwaukee a 2021 ya bazu, shi ne ɗaya daga cikin dalilan da suka sa satar mota ta haura miliyan ɗaya a shekara a 2022 da 2023.

Duk wannan da muka yi akan gari ne, amma gaskiyar magana ba'a gari zaka kwana ba, a layi ɗaya zaka kwana, kuma nan ne ainihin aikin yake. Tun a 1989 wani bincike da Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka wallafa akan Minneapolis ya nuna rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda daga kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin yake fitowa. David Weisburd ya bi bayanan Seattle na shekara goma sha huɗu ya samu kusan abu ɗaya, rabin laifukan birnin a kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na layuka suke faruwa, kuma yawanci layukan nan ɗin ne dai shekara bayan shekara, an maimaita binciken a wasu birane an samu makamancin haka. Ma'ana a cikin birnin da ake tsoro akwai unguwanni da yawa da suke lafiya lau, a cikin garin da yake na ɗaya a jeri kuma za'a iya samun gidan haya guda ɗaya ko otal mai araha guda ɗaya da motar 'yan sanda bata rabuwa da ƙofarsa. Lambar gari kamar ka auna zafin jikin mutum goma ne ka haɗa ka raba, mai zazzaɓin ya ɓace a cikin masu lafiya.

Saboda haka in ka tsayar da gari biyu ko uku, ka shiga shafin 'yan sandan kowanne, yawancin manya da matsakaitan garuruwa suna da taswirar laifuka da zaka sa adireshi ta nuna maka abin da ya faru a kewaye. Ka sa wata shida ko shekara, kar ka bar shi a sati ɗaya, ka cire alamar satar kanti da laifin tuƙi dan kar su cika maka fuska, ka bar fashi da harbi da fasa gida da fasa mota, sannan ka matso da taswirar sosai har kana ganin sunan layi. Abin da kake nema shi ne inda ɗigon suka taru. In sun taru a filin fakin na babban kanti da yake nesa da kai wannan daban, in kuma a cikin harabar gidajen da zaka kama ne suka taru toh ka samu amsa. Wasu ofisoshin in ka kira layinsu wanda ba na gaggawa ba, ko ka cike takardar neman bayanan hukuma, zasu baka jerin kiran da aka yi daga wannan adireshin, kuma wannan ya fi duk wani jeri na intanet amfani. Dan Allah kar ka kira 911 dan wannan tambayar.

Kar ka yi mamaki in ka tambayi dillalin gidaje ko unguwar nan tana da tsaro ya kama kame-kame yace ka duba shafin 'yan sanda. Ba wai yana ɓoye maka wani abu bane lallai, dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968 ta haramta karkata mai neman gida zuwa wata unguwa ko kawar da shi daga wata saboda launin fata ko addini ko asali, dillalai suna tsoron kar maganarsu ta faɗa cikin wannan, har ma a ƙarshen 2021 shafin tallan gidaje na Realtor.com ya cire taswirar laifuka, takwararsa Redfin kuma ta ce bazata sa ba. Kai ma ka kiyayi wannan ramin, ganin launin mutanen unguwa ko tsufan gidajenta ba shi ne ma'aunin tsaro ba, akwai unguwannin masu ƙaramin ƙarfi da kowa ya san kowa ana kula da juna, ka tsaya akan abin da taswira ta nuna da abin da idonka ya gani.

In kana kusa kaje da ƙafarka, gani ya kori ji. Kaje da rana, ka koma da daddare wajen ƙarfe goma, in da hali daren Juma'a ko Asabar. Ka kalli ƙasa a filin fakin, in kaga ɓurɓushin gilashin mota ƙanana-ƙanana masu ɗan kore a wuri fiye da ɗaya toh ana fasa motoci a nan. Ka taɓa get ɗin shiga ka gani yana kulluwa ko an tokare shi da dutse, ka ɗaga kai ka ƙirga fitilun da suka mutu a matattakala, ka duba akwatunan wasiƙa ko an ɓalle murfinsu, ka lura ko ana barin kayan da aka yi oda a bakin ƙofa har yamma babu wanda ya taɓa. Da la'asar akwai yara a waje, akwai tsofaffi da mata suna tattaki su kaɗai? Sannan ka tsayar da wani da yake zaune a wurin, ba ma'aikacin ofis ba, ka tambaye shi tambaya mai kan gado, an taɓa fasa maka mota, ka taɓa jin harbi, in an kira 'yan sanda suna zuwa da wuri. In ka ce masa wurin nan lafiya dai ko, lafiya lau zai ce maka ya wuce. In kuma kana nesa baka iso ba tukun, ka bi layin a hotunan titi na Google, ka karanta ra'ayoyin da tsofaffin 'yan haya suka rubuta akan gidajen ka fara da sababbi, korafin mutum ɗaya ba komai bane, amma in mutum shida sun ambaci fasa mota cikin wata uku ba haɗa baki suka yi ba.

Wata dabara kuma mai sauƙi, ka nemi farashin inshorar mota da ta kayan ɗaki da adireshi biyun da kake gwadawa, komai iri ɗaya adireshin kawai zaka canza. A yawancin jihohi kamfanonin nan suna duba inda motar take kwana, kuma su kuɗinsu ne a ciki basa wasa da lissafi, in ɗaya ta fi ɗaya tsada sosai akwai dalili.

Manhajojin unguwa irinsu Nextdoor da Citizen kuwa ka ɗauke su da hankali, in ka biye musu ko ƙofa bazaka iya buɗewa ba, duk wanda ya gifta gaban kyamara an sa shi a zargi. Kamfanin Gallup mai binciken jin ra'ayin jama'a ya daɗe yana tambayar Amurkawa, kuma a mafi yawan shekaru tun farkon shekarun 1990 akasarinsu cewa suke laifi ya ƙaru akan bara, alhali laifukan da suka shafi jiki sun sauko daga wajen 758 cikin 100,000 a 1991 zuwa kusan rabin haka. Ga shi kuma a kisan da aka gano wanda ya yi, mafi yawa wanda aka kashe ya san wanda ya kashe shi, rigima ce ko gaba ko rikicin cikin gida, baƙon da ya fito daga duhu shi ne mafi ƙaranci.

Ɗalibai ku naku da sauƙi, dokar Clery ta 1990 ta wajabta wa duk jami'ar da take cin gajiyar tallafin karatu na tarayya ta wallafa rahoton tsaro duk shekara zuwa 1 ga Oktoba da alƙaluman shekara uku, yana nan a shafin makarantar, sai dai harabar makaranta da abin da ke manne da ita ya fi shafa, gidan hayar da zaka kama a cikin gari sai ka koma taswirar 'yan sanda. Masu yara kuma akwai shafin NSOPW na ma'aikatar shari'a inda ake neman sunayen waɗanda aka taɓa yanke wa hukunci akan laifin lalata, ana iya nema da unguwa. Alƙaluman laifukan ƙiyayya na addini ko launin fata ma FBI tana fitarwa, amma hukumomi da yawa sifili suke rubutawa ko su ƙi aikawa, dan haka sifili a nan ba shaida bace, gara ka tambayi baƙi 'yan'uwanka da suka riga ka zama a garin yadda ake mu'amala da su a makaranta da kanti da wurin ibada.

Akwai kuma abin da baya shiga jerin nan ko kaɗan, hatsarin mota. A 2021 mutum kusan 43,000 ne suka mutu a hanyoyin Amurka, kusan ninki biyu na waɗanda aka kashe da gangan a shekarar. Garuruwan da suke cinye saman jeri, su Frisco da McKinney a arewacin Dallas, ko Naperville a yammacin Shikago, ko Irvine a Kalifoniya, da gaske laifi yana da ƙaranci a cikinsu, amma gidajensu da tsada, kuma in aikinka yana cikin birni zaka iya shafe awa guda akan babbar hanya zuwa, awa guda dawowa, wani lokacin da daddare bayan ka gaji liƙis, ka sa wannan a ma'auni shi ma tare da kuɗin hayar da aljihunka zai iya ɗauka.

In ka gama duk wannan har yanzu zuciyarka tana rawa tsakanin wuri biyu, ka nemi haya ta wata shida ko ta wata-wata maimakon ta shekara, ko da za'a ɗan ƙara maka dala kaɗan a kai, kuma kafin ka sa hannu ka karanta sashen da ya yi maganar fita kafin wa'adi ka ga nawa zasu caje ka, dan a wurare da yawa kuɗin haya na wata ɗaya ko biyu ne, wasu kuma sai ka ci gaba da biya har su samu wani ɗan hayar.